Babi na Bakwai: Shanu Biyu, Karkiya Ɗaya

Wata Alhamis da la'asar, saura 'yan makonni a fara jarrabawar WAEC, na zauna a gindin darbejiyar da ke bayan ofishin malamai da tarin littattafan insha'i na 'yan ajin ƙarshe. Aikin da na ba su shi ne kowa ya rubuta yadda mahaifiyarsa take tafiyar da yininta. Littafi na huɗu da na buɗe na wata yarinya ce mai kyan rubutu, irin waɗanda ke jan layi da rula a ƙarƙashin kwanan wata. Jimlarta ta farko ita ce: “My mother wakes up early, pray and cook breakfast for us.”

Na daɗe riƙe da jan biro ban ɗora shi a takarda ba. Yarinyar nan ta san doka, shaida kuwa ga ta nan a kalmar “wakes”. Ta san cewa idan mai aikin mutum ɗaya ne, ba ni ba, ba kai ba, kuma aikin na yau da gobe ne, to aikatau na Turanci yana ɗaukar “s” a ƙarshensa. Ta sa shi a aikatau na farko, ta ɗauka ta sauke nauyi, sai ta saki “pray” da “cook” suka tafi babu komai. Da na ci gaba da duba sauran littattafan, sai na ga ba ita kaɗai ba ce. Wani ya rubuta “she washes the plates and sweep the room”, wani kuma “she goes to the market and buy tomatoes”. Kullum aikatau na farko yana fitowa daidai, na biyu ne yake faɗuwa.

Wannan babin a kan aikatau na biyun nan yake. A ganina yana cikin wuraren da Bahaushe mai koyon Turanci ya fi yin tuntuɓe, kuma littattafan makaranta ba su cika tsayawa a kansa ba. Suna koyar da abin da ɗalibai ke kira “concord”, wato jituwar aikatau da mai aikin, da gajerun jimloli masu aikatau ɗaya tak. To amma ba wanda ke magana da aikatau ɗaya-ɗaya. Mutum yakan zo ya zauna ya ci ya tashi, duk a numfashi guda.

Duk wanda ya taɓa ganin huɗa da shanu ya san karkiya, itacen nan da ake ɗora wa shanu biyu a wuya su ja garma tare. Ba a haɗa bijimi da ɗan maraƙi a karkiya ɗaya, don kunya za ta karkace. Aikin da kalmar “and” take yi ke nan a jimlar Turanci, haka ma “or” da “but”. Abin da ke damanta da abin da ke hagunta dole su zama tsara. Idan “wakes” ya ɗauki “s” saboda mahaifiya ce mai aikin, to ita ɗin dai ce mai salla, ita ce mai girki, don haka “prays” da “cooks”. Kowane aikatau yana waiwayen mai aikin da kansa, komai nisan da ke tsakaninsu: “My mother wakes up early, prays and cooks breakfast for us.”

Washegari na rubuta jimlar a allo ban faɗi mai ita ba, muka gyara tare. Sai wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu.

“Malam, to ai jiya ka gyara mini, na rubuta ‘he can read and writes’ ka soke ‘s’ ɗin. Yau kuma ka ce a sa. Wanne za mu ɗauka?”

Tambayar yaron nan ta fi darasin da na shirya muhimmanci, kuma ita ce zuciyar maganar. A jimlar yarinyar, aikatau uku ne suke tsaye kai tsaye a gaban mai aikin, ba wani shamaki tsakaninsu da shi. A jimlar yaron kuwa akwai wata kalma da ta shiga tsakani, wato “can”. Ita ce ta karɓi nauyin jituwa da na lokaci, duk aikatau ɗin da ya biyo bayanta kuma sai ya zo tsura, babu “s”, babu “ed”, babu “ing”. Wannan siffar ita ce masana nahawun Turanci ke kira “infinitive”. Mu a nan za mu riƙa ce mata aikatau tsura. A “he can read and write”, karkiya ta haɗa “read” da “write” ne a ƙarƙashin “can”, kamar dai an ce “he can read and he can write” sannan aka taƙaita. Haka abin yake da “will”, “must”, “should”, “may” da 'yan uwansu, haka kuma da “do”, “does” da “did”.

Abin da na daɗe ina gaya wa ɗalibai shi ne, wannan tsarin ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Mu saurari harshenmu. Muna cewa “sun tashi sun tafi”: kowane aikatau da nasa zagin, wato “sun”, kowane yana ɗauke da shuɗaɗɗen lokaci. Amma da zarar mun koma lokaci mai zuwa sai mu ce “za su tashi su tafi”. Kalmar “za” sau ɗaya ta fito, aikatau na biyu ya zo da “su” kawai, ya jingina da na farko. Haka “sukan tashi su tafi”. Ba Bahaushen da zai ce “za su tashi sun tafi”, ko yaro ɗan shekara huɗu zai ji ta yi masa tsaye a kunne. To yadda wannan take ji a kunnenmu, haka “they will get up and went” take ji a kunnen Bature. Paul Newman ya yi bayanin irin wannan jerin aikatau na Hausa a babban littafinsa na nahawu da ya fito a 2000, amma mai harshen bai buƙatar littafi kafin ya gane; abin yana bakinsa tun yana goye.

Sai dai akwai wani lungu da Hausa take jan mu zuwa ga kuskure, kuma yana da kyau mu san shi. A korewa muna cewa “ba su zo sun gaishe mu ba”. Duba da kyau: aikatau na biyu ya koma “sun”, siffar shuɗaɗɗen lokaci cikakkiya, alhali yana cikin korewar. Ina kyautata zaton daga nan ne jimloli irin su “they did not come and greeted us” suke samun gindin zama a rubutun yaranmu. A Turanci “did” ta riga ta kwashe shuɗaɗɗen lokacin gaba ɗaya, ba ta bar wa kowa ragowa ba, don haka “they did not come and greet us”. A tambaya ma haka ne: “Did he come and see you?” Wanda ya rubuta “saw” a nan ya biya kuɗin abu ɗaya sau biyu.

Wani dalilin kuma a baki yake, ba a ƙwaƙwalwa ba. Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa muka mai da “bench” benci. Kalmomi irin su “cooks”, “sweeps” da “asks” suna da nauyi a harshenmu, mukan haɗiye ƙarshensu wajen magana, hannu kuma yakan rubuta abin da kunne ya saba ji. A farkon jimla hankali yana farke, sai a tuna. Kafin a kai aikatau na uku hankali ya koma kan labarin, kunne ya karɓi ragamar. Ga kuma rikicin da “s” ɗin kanta take haifarwa: a jikin suna tana nuna jam'i, a jikin aikatau tana nuna tilo. “The boy sings”, amma “the boys sing”. Ɗalibin da ya rikice a nan yana da uzuri, kuma bai kamata a yi masa tsawa ba.

Ita wannan “s” ɗin da ke wahalar da mu, ragowar wani babban gini ce da ya rushe. A Tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila kafin Normandawa su ci ƙasar a 1066, aikatau yana sauya ƙarshe gwargwadon mai aikin, kamar yadda na Larabci da na Faransanci suke yi har yau. Ƙarshen mutum na uku tilo a lokacin ba “s” ba ne, sautin “th” ne, wanda ya wanzu a siffofi irin su “goeth” da “hath”. Ita “s” daga arewacin Ingila ta gangaro. Ana ganin ta tun a ƙarni na 10 a fassarar da wani limamin coci mai suna Aldred ya rubuta tsakanin layukan Linjilar Lindisfarne. Ta ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ta kai Landan. A zamanin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, siffofin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, shi kansa yana amfani da kowace. Fassarar Baibul ta Sarki James da ta fito a 1611 kuwa ta riƙe tsohuwar “eth”. Daga baya “s” ta yi rinjaye, sauran ƙarshe-ƙarshen duk suka zube, ita kaɗai ta rage. Su kuma “can”, “may”, “shall” da “must” ba sa ɗaukar “s” ne saboda asalinsu tsofaffin siffofin shuɗaɗɗen lokaci ne da aka mayar na yanzu, siffar shuɗaɗɗen lokaci kuwa ba ta da wannan ƙarshen.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin nan shi ne, a can arewacin Ingila da Sikotilan, inda “s” ta fito, mutane suna da wata doka dabam game da aikatau biyu a jere. James Murray, wanda daga baya ya zama babban editan ƙamus na Oxford, ya bayyana ta a littafinsa kan karin harshen kudancin Sikotilan a 1873. A wannan karin, aikatau ɗin da ke manne da wakilin suna irin “they” ba ya ɗaukar “s”, amma wanda ya yi nisa da shi yana ɗauka, sai ka ji jimla mai siffar “they sing and dances”. Wato su ma nisan aikatau na biyu daga mai aikin yana sauya masa kama. Wannan ya nuna mini cewa yarinyar nan ba sakaci ta yi ba. Wuri ne da harshen ɗan'adam yake da saurin zamewa. Amma daidaitaccen Turanci, wanda marubuta irin su Robert Lowth a 1762 da Lindley Murray a 1795 suka tsara wa makarantu dokokinsa, bai bi wannan hanyar ba, shi ne kuma ake auna ɗalibi da shi a WAEC da NECO da JAMB.

Yanzu mu zo kan “to”. Aikatau tsura yakan zo da wannan 'yar kalmar a gabansa: “to eat”, “to sleep”. A Tsohon Turanci ana gane shi ne da ƙarshen “an”, kamar “singan” da “drincan”. Da ƙarshen ya lalace sai “to” ta zama alamarsa. Idan aka jera biyu, an yarda a maimaita ta, an kuma yarda a bar ta: “He wants to eat and sleep” daidai ne, “He wants to eat and to sleep” ma daidai ne. Ta farko ta fi yawa a magana, kuma takan sa ayyukan biyu su zama kamar abu guda. Ta biyu takan raba su, ta ba kowane nauyinsa, tana kuma da amfani idan jimla ta yi tsawo har mai karatu zai iya mance inda aka faro. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a jawo “s” daga “wants” a liƙa wa “sleep”. A jerin abubuwa uku kuma, ko dai “to” ta tsaya a na farko kaɗai, ko ta bi su duka. Kada a sa a na ɗaya da na uku a tsallake na biyu.

Kada mai karatu ya ɗauka duk wannan ado ne kawai na masu son ƙyale-ƙyalen harshe. Wani lokaci kalma guda ce ke raba ma'ana da ma'ana. Ga jimla biyu:

“The manager told the driver to lock the gate and go home.”

“The manager told the driver to lock the gate and went home.”

Duka biyun daidai ne a nahawu. A ta farko “go” tsura ne, abokin karkiyarsa “lock”, don haka direba aka sallama. A ta biyu “went” abokin “told” ne, manaja ne ya tafi gida, direba yana nan bakin aiki. Ka ɗauka sakatare yana rubuta rahoton abin da ya faru a daren da aka yi sata a ma'aikata: wannan kalmar guda ita za ta nuna wanda ya rage a harabar. A rubutun Hausa ma muna da irin wannan tarkon, don “manaja ya ce wa direba ya kulle ƙofa ya tafi gida” tana iya ɗaukar ma'ana biyun. A baki karin sauti ne yake raba mana gardama, a takarda kuwa sai mun ƙara “sannan shi ya tafi”. Turanci a jikin aikatau yake nuna bambancin, shi ya sa tilas marubuci ya san da wa ya haɗa aikatau ɗinsa na biyu.

Akwai wasu aikatau ƙalilan da ba sa son “to” a bayansu sam: “make”, “let”, da na gani da ji irin su “see” da “hear”. Ana cewa “She made him wash the car and sweep the compound”, duka biyun tsura, shi ne ya wanke, shi ne ya share. Da za a ce “swept”, to ita ce ta ɗauki tsintsiya. Idan aka juya jimlar aka fara da wanda aka sa aikin, sai “to” ta dawo: “He was made to wash the car and sweep the compound.” Ita kuwa “help” ta yarda da hanya biyun.

Tarkon da ya fi kama manya, har da masu digiri, yana cikin wasiƙun ofis. Ba kowace “to” ce alamar aikatau tsura ba. Wata ma'anarta “zuwa ga”, kuma suna take nema a bayanta, ko aikatau mai “ing” wanda yake aiki kamar sunan aikatau namu, irin su “zuwa” da “gani”. Shi ya sa “I look forward to seeing you and discussing the matter” ita ce daidai. Na ga wasiƙu da yawa da marubucin ya yi nasara a “seeing” sannan ya faɗi a “discuss”. Gwajin mai sauƙi ne: in za ka iya sa suna a gurbin, kamar “I look forward to the holiday”, to duk aikatau ɗin da zai shiga wurin sai ya ɗauki “ing”, na farko da na biyu.

Haka dokar take bayan “has” da “is”. “He has eaten and gone”, ba “went” ba, don “has” tana riƙe da su biyun. “She is cooking and singing.” Amma kada a fahimce ni cewa “and” tana tilasta lokaci ɗaya a ko'ina. “He came yesterday and will leave tomorrow” jimla ce lafiyayya, haka ma “She has eaten and is sleeping”, domin a nan kowane ɓangare ya zo da cikakken kayansa, bai jingina da ɗan'uwansa ba. Na taɓa ganin an soke wa ɗalibi irin wannan jimlar da sunan “concord”, abin ya dame ni ƙwarai, don an hukunta shi a kan daidai.

Saura “try and”. Mutanen Birtaniya suna yawan cewa “I will try and come”, ma'anarta kuwa “I will try to come”, ba ayyuka biyu ba ne. H. W. Fowler, a ƙamus ɗinsa na amfani da Turanci da ya fito a 1926, bai ga laifinta a magana ta yau da kullum ba. Tana da wata ɗabi'a ta musamman: ba ta yarda da kowane ƙarshe. Da zarar “try” ya zama “tries” ko “tried”, sai ta watse, dole a koma ga “to”: “he tried to come”. Shawarata ga mai rubuta jarrabawa ko takardar neman aiki ita ce ya tsaya a kan “try to”, ya bar “try and” ga hira.

A ranar nan a aji, bayan yaron bencin baya ya yi tambayarsa, ban ƙara musu wata doka ba. Na ce kowa ya buɗe insha'insa, ya zagaye kowace “and” da “or” da fensir. Idan aikatau ne ya biyo bayanta, ya ja kibiya zuwa baya har ya sami abokinsa, sannan ya karanta jimlar a hankali yana cika abin da aka taƙaita: “my mother wakes”, “my mother pray”. Ba su kai ƙarshen ta biyun ba suka fara gogewa da kansu. Yarinyar mai kyan rubutu ta ɗago kai ta ce, “Malam, ashe kowane sai na koma na tambaye shi wa ya aike shi.” Na ce mata haka ne, 'yata, wani mai aikin ne ya aike shi kai tsaye, wani kuma “can” ko “did” ko “to” ce ta aike shi, kuma kayan da zai sa ya danganta da wanda ya aike shi.

Kai ma mai karatu, kafin ka wuce zuwa babi na gaba, ka nemo wasiƙa ko saƙon ƙarshe da ka rubuta da Turanci, ka ɗauki fensir ka zagaye kowace “and” da ke ciki, ka bi aikatau na biyu har gidan wanda ya aike shi.